Likita a cikin salula: wa ke amfana, wa ke cutuwa?

Yau a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, da wuya ka sami gidan da ke jinyar doguwar cuta ba tare da an shigar da wani mutumin gidan cikin wani zaure na WhatsApp ba. Akwai zauren iyayen yara masu amosanin jini, akwai na masu ciwon sukari, da na masu hawan jini, da na mata masu neman haihuwa. Akwai kuma waɗanda aka buɗe don zumunta ko don hirar ƴan fada ɗaya, amma a kwana a tashi sai maganar magani ta mamaye su. Tun da saƙon murya ya zo, rashin iya karatu ya daina tsare wa kowa ƙofa: tsohuwar da ba ta taɓa taka harabar lakwal ba, dannawa kawai za ta yi ta ji, ta sake dannawa ta ba da amsa, ta kuma tura wa ƙanwarta da ke aure a Ƙonni.

Manyanmu sun rabu biyu a kan wannan al'amari. Wasu, galibinsu ma'aikatan kiwon lafiya, suna ganin bala'i ne ya sauko, maganinsa kuwa a rufe zaurukan a kama masu yaɗa ƙarya. Wasu kuma, masu ɗokin zamani, suna cewa ai an kawo wa talaka likita har cikin aljihu, ya huta da layin asibiti. A ganinmu dukkan ɓangarorin biyu sun tsaya kallon salula sun manta da mai riƙe da ita. Saƙo ɗaya zai shiga waya biyu a minti ɗaya, ya ceci ɗan wannan gida, ya kai ɗan wancan gida kushewa. Abin da ya raba gidajen biyu shi ne abin da kowane mai sauraro ya riga ya fahimta game da cutar kafin saƙon ya iso masa.

Bari mu ɗauki cuta ɗaya mu bi ta a hankali, wato amosanin jini, wadda wasu ke kira emasi, wasu kuma sikila. Mun zaɓe ta ne saboda yawanta a ƙasar nan, inda ake ƙiyasta cewa wajen mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irinta a jininsa ko da shi kansa lafiya lau yake, kuma saboda cuta ce ta tsawon rai, wadda uwa ce likitarta ta farko, dare da rana. An buɗe cibiyar ƙasa ta kula da masu wannan cuta a Yamai a 2010, kuma ba wanda zai raina aikin da take yi. Amma tsakanin Yamai da Damagaram akwai wajen kilomita 900, kuma ciwon ba ya jiran motar safe.

Saboda haka kada wani ya raina abin da iyaye ke samu a waɗannan zauruka. Uwar da dangin miji suka ɗora wa laifin haihuwar yaro mai ciwo, wadda aka ce mata maita ce ko iska, ita ce ke shiga zaure ta tarar da mata da yawa masu irin ɗanta, daga cikinsu har da matar alhaji da malamar makaranta. Wannan kaɗai magani ne, kuma ba a sayar da shi a farmasi. A nan ake shelar neman mai ba da jini da tsakar dare a samu. A nan ake jin wace farmasi ce ke da maganin da ya yanke a gari, da wace rana likitan yara ke zama, da yadda ake shirya yaro idan hunturu ya kawo kai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma akwai abubuwan da uwar da ta yi shekara 15 tana jinya ta sani waɗanda ba a koyar da su a jami'a.

To, ina matsalar take? Tana cikin ainihin cutar. Ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana wajen 120 tana aiki kafin ta mutu. Ta mai amosanin jini kuwa takan lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Daga nan ƙarancin jinin ke fitowa. Ciwon ƙashin da ke sa yaro kururuwa kuma yana zuwa ne idan waɗannan lanƙwasassun ƙwayoyi suka toshe ƙananan hanyoyin jini, abin da sanyi, da ƙishirwa, da masassara, da gajiya ke tayarwa. Uwar da aka taɓa zaunar da ita aka yi mata wannan bayani, idan ta ji a zaure an ce a yawaita ba yaro ruwa, ta san dalili, za ta kuma yi. Idan ta ji an ce ga wani ruwan magani na ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, a ba shi safe da yamma, za ta tsaya, domin ta san jinin ɗanta fashewa yake yi da wuri, ba ƙarfe ya rasa ba. Yaron da ake yi wa ƙarin jini a kai a kai ma ƙarfen taruwa yake yi masa a hanta da zuciya har ya zama wata cutar. Uwar da ba a taɓa yi wa bayanin ba fa? Ita dai ta ji "ƙarin jini", ɗanta kuma an ce ba shi da jini. Za ta sayar da akuyarta ta saya, kuma ba wanda zai ce ba ta da hankali.

Batun masassara ya fi wannan haɗari. Saifar yaro mai amosanin jini takan lalace tun yana ƙarami, ita ce kuwa ke tace ƙwayoyin cuta daga jini. Shi ya sa ake ba irin waɗannan yara penisilin kullum har su kai shekara 5, shi ya sa kuma zafin jikin da ya kai 38,5 a gare su maganar asibiti ce a cikin wannan sa'a, ba gobe ba. Yanzu ka ɗauka uwa ta tura saƙo da ƙarfe 11 na dare cewa jikin yaro ya yi zafi. Cikin minti 10 za ta sami amsa goma: wata ta ce a shafa masa man kaza, wata ta ce a dafa ganye kaza, wata ta ce nata ma haka ya yi jiya kuma ya sauka da kansa, ɗaya tak ta ce a ɗauke shi yanzu a tafi. Duka goman da kyakkyawar niyya suka yi magana. Zauren bai da hanyar nuna wa uwar cewa amsa ɗaya ta fi sauran tara nauyi. Ita ce za ta zaɓa, da abin da ke kanta. Kuma ɗan Adam, idan bai da wani ma'auni, yakan zaɓi amsar da ta fi sauƙi, wadda ba ta buƙatar kuɗin adaidaita da tada maigida daga barci.

Haka nan lissafin gado. Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Kowane ciki, daga farko, kamar ba a taɓa haihuwa ba. Amma sau nawa ake jin ana kwantar wa mace da hankali cewa tun da ɗan fari ya ɗauke cutar, uku masu zuwa sun tsira? Sau nawa saurayi ke bugun ƙirji ya ce shi an auna shi, jininsa O ne, alhali rukunin jini na O da A da B daban, awon da ke nuna AA da AS da SS kuma daban? Wannan kuskuren ba a ƙauye kaɗai yake ba. Yana nan a ofisoshi, a bakin masu takardun shaida.

Wannan ya kawo mu ga abin da muke son ma'aikaci ya ji da kyau. Fahimtar sha'anin lafiya ba ita ce karatun boko ba, ko da yake karatun yana taimakawa. A 2011 an yi wani babban bincike a ƙasashe 8 na Turai, inda kusan kowa ya yi makaranta, aka tarar kashi 47 cikin 100 na mutanen da aka tambaya fahimtarsu a wannan fanni ba ta isa ba. A Amurka, binciken ƙasa na 2003 ya nuna kashi 12 cikin 100 ne kawai na manya suka ƙware wajen gane bayanin lafiya da aiki da shi. Wani masanin kiwon lafiyar jama'a, Don Nutbeam, ya kasa abin hawa uku a shekara ta 2000: hawa na farko mutum ya gane abin da aka ce masa, kamar ƙwaya nawa, sau nawa, na biyu ya iya yin tambaya, ya iya ɗaukar bayanin ya daidaita shi da halin da yake ciki, na uku ya iya auna maganar kanta, ya tambayi wa ya faɗa, ta yaya ya sani, kuma me zai samu idan na yarda. Asibiti yakan wadatu da hawa na farko, tun da likita ne ya riga ya tace maganar. Zauren salula kuwa hawa na uku yake nema daga kowa, domin a can ba wanda ya tace komai. Muryar likita da ta mai tallar magani da ta maƙwabciya duka da tsawo ɗaya suke fitowa, da alamar dannawa iri ɗaya.

Wanda ke shakka ya tuna watan Agusta na 2014, bayan da cutar Ebola ta shiga Legas. Dare ɗaya saƙo ya karaɗe Najeriya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, kafin gari ya waye. Aƙalla mutum biyu suka mutu, wasu da dama aka kwantar da su a asibiti. Waɗanda suka tashi iyalansu da asuba suna dama gishiri, cikinsu har da masu digiri.

Mu mutanen bakin iyaka muna da wata matsalar ta daban, wadda ba a cika magana a kanta ba. Hausa ɗaya muke ji da Katsina da Kano da Sakkwato, saboda haka saƙon da aka naɗa a can yana isowa nan ba tare da tafinta ba. Amma asibitocinmu da nasu ba da mudu ɗaya suke awo ba. Ɗauki ciwon sukari. Takardar awon da ake ba ka a nan takan rubuta sukarin jini da gram a lita, iyakar da ake cewa mutum ya kamu kuwa, idan bai ci komai ba, ita ce 1,26. Yawancin ƙananan na'urorin da ake sayarwa a kasuwa da miligiram suke nunawa, a wurinsu wannan iyaka 126 ce. Wasu na'urorin, da ɗakunan awo da yawa a Najeriya da Gana, da milimol suke aiki, a wurinsu 7 ce. Lamba uku, abu ɗaya. Yanzu ka ɗauki dattijon da ɗansa ya aiko masa da na'ura mai milimol, ya auna ya ga 15. A zaure ya sha jin cewa ƙasa da 70 sukari ya faɗi, a yi maza a sha abu mai zaƙi. Sai ya sa a dama masa sukari, alhali 15 ɗin nan daidai take da 270, wato sukarinsa sama yake ƙwarai. Ba wanda ya yi masa ƙarya. Kowace magana da ya ji gaskiya ce a mudun mai faɗinta.

Haka sunayen magani. Doliprane, da Efferalgan, da Panadol, duka parasetamol ne, kuma akwai shi a cikin magungunan mura da dama. Babban mutum bai kamata ya wuce gram 4 a yini ba, abin da ya haura haka hanta yake ci. Wanda bai san a duba sunan sinadari a ƙasan sunan kamfani ba, zai sha na ordonansin majo, ya ƙara da wanda aka yaba a zaure, yana ganin magani biyu ya sha. Maganin hidroksiyuriya ma, wanda ya rage wa masu amosanin jini da yawa tashin ciwo, da nauyin yaro ake auna shi, kuma sai ana bin jinin da awo lokaci lokaci. Uwar da ta ji wata ta ce "nawa biyu yake sha" ta kwaikwaya, ta ɗauki rigar wani ta sa wa ɗanta.

Abin mamaki, ɗan kasuwar Maraɗi ya fi kowa sanin wannan ilimi a fagensa. Ba ya karɓar farashi sai ya tambaya da naira ne ko da sefa, kuma canjin yau ko na jiya. Ba ya sayen buhu sai ya soka ya ga ƙwayar. Idan dillali ya cika yabon kaya, ya san akwai la'ada a ciki. Amma shi wannan alhajin, idan aka turo masa muryar wani da bai taɓa gani ba, mai cewa yana warkar da sukari da hawan jini da ciwon ƙoda da kwalba ɗaya, ga lambar waya a ƙarshe, sai ya aika a sayo. Basirar tana nan. Ba a taɓa nuna masa cewa jikinsa ma kasuwa ce da ake zamba a cikinta ba, kuma tambayoyin da yake yi wa dillali su ne dai zai yi wa mai magani.

Don a ga cewa laifin ba na taron majinyata ba ne, ga abin da ya faru a Amurka. A 2004 wasu ƴan'uwa biyu da abokinsu suka kafa PatientsLikeMe, bayan ɗan'uwansu ya kamu da ALS, wata cutar jijiyoyi da ke shanye jiki sannu a hankali har ta kashe. A 2008 wani ƙaramin bincike daga Italiya, na mutum 44 waɗanda 16 daga cikinsu suka sha maganin, ya nuna kamar sinadarin litiyam yana rage saurin cutar. Majinyata ɗaruruwa suka nemi likitocinsu su rubuta musu. Har nan labarin bai bambanta da namu ba: jita-jita, da mai ciwon da ya ƙosa. Bambancin shi ne su sun riƙa rubuta adadin da suke sha da halin jikinsu wata bayan wata, da ma'auni ɗaya, aka kwatanta 149 daga cikinsu da wasu masu irin ciwonsu da ba su sha ba. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna bayan shekara guda maganin bai yi komai ba, manyan gwaje-gwajen asibiti kuma suka zo da irin wannan amsa. Taron majinyata ne ya taimaka wajen kashe jita-jitar da shi kansa ya yaɗa, saboda mutanen cikinsa sun san cewa "na sha na ji sauƙi" ba hujja ba ce sai an ƙirga har da waɗanda suka sha ba su ji ba. A zaurukanmu wanda ya warke shi ke naɗar murya. Wanda ya mutu, ta'aziyyarsa kawai ake sanarwa, ba a faɗin abin da ya sha.

Wani likitan Ingila, Julian Tudor Hart, ya rubuta tun 1971 cewa kulawar lafiya mai kyau ta fi ƙaranci a inda aka fi buƙatarta. Salula ba ta karya wannan doka ba, sabuwar riga ta ɗinka mata. Matar ma'aikacin da ke da ƙawa ungozoma, wadda za ta iya tura saƙon da ta ji ta ce "duba mini wannan", zaure ƙari ne a gare ta. Matar ƙauyen da CSI mafi kusa da ita ke da nisan tafiyar rabin yini a amalanke, zauren shi ne asibitinta gaba ɗaya, kuma ita ce ba ta da abin tace shi.

A nan ne ya kamata hukuma ta dubi kanta kafin ta zargi kowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutanenmu ba haka kawai suka koma ga muryar baƙo ba. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, maganin farmasi ya fi ƙarfin talaka, masu tebur da masu yawo da magani a ka suka cika kasuwanni. A 1995 aka kafa dokar biyan kuɗin magani a asibitocin gwamnati. A wannan shekarar ce kuma, ana tsakiyar annobar sanƙarau da ta kama mutum fiye da 40,000, aka gano cewa a cikin gudummawar allurar riga-kafi da ta zo daga Najeriya akwai ta jabu, bayan an riga an yi wa wajen mutum 60,000. An sake kama allurar sanƙarau ta jabu a ƙasar nan a 2015 da 2019. Wanda ya ga wannan da idonsa, idan aka turo masa saƙon da ke cewa kada ya yarda da allura, ba daga sama shakkarsa ta faɗo ba. Kyautar magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 da aka shelanta a 2006 abin yabo ce, amma kowa ya san yadda jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya bar kantocin magani wayam. Binciken da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka jagoranta a manyan birane biyar na yammacin Afirka, har da Yamai, wanda ya fito a 2003, ya bayyana abin da kowane majinyaci ya riga ya sani: ana duba mutum cikin gaggawa, ba a gaya masa sunan ciwonsa, wanda ya yi tambaya kuma a harare shi. Ba mu manta da cewa majo ɗaya ne ke fama da layin da ya kai bakin titi ba, ga albashin da bai taka kara ya karya ba. Amma sakamakon dai ɗaya ne: mutum ya fito da ordonansi cikin Faransanci, da rubutun da ko ɗan lakwal ba ya iya karantawa, ya je gida ya ɗauki hotonta ya tura zaure yana tambaya ko wani ya san wannan.

Masu cewa a kama, a ɗaure, suna da doka a hannu. Akwai dokar laifuffukan intanet ta 2019, wadda aka sassauta a 2022, aka kuma mayar mata da hukuncin kurkuku a watan Yuni na 2024. Mai damfarar da ke sayar da ruwan kwalba da sunan maganin ƙoda, a kama shi, ba mu da ja. Dokar sayar da magani ma ta ishe shi tun kafin a ƙirƙiro salula. Amma mafi yawan maganganun da ke cutarwa a zaure ba daga ƴan damfara suke fitowa ba, daga goggo suke, da maƙwabciya, da abokin aiki mai son taimako. Su ma za a ɗaure su? Kamfanin WhatsApp da kansa ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a 2019, ya ƙara matsawa a 2020, bai hana komai ba sai dai ya rage gudu. Kuma mun san halin irin waɗannan dokoki a ƙasashenmu: da sunan mai tallar maganin ƙarya ake rubuta su, a kan ɗan jarida suke sauka.

Alhali kuwa ƙasar nan ta taɓa nuna cewa ta iya ɗaya aikin. Kurkunu ba shi da allurar riga-kafi, ba shi da ƙwayar sha. An kawar da shi ne da rijiyoyi, da ƙyallen tace ruwa, da mutanen ƙauye da aka koya wa yadda tsutsar ke shiga tafki daga ƙafar mai ciwo ta koma cikin wani ta ruwan sha. A watan Disamba na 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar ta rabu da shi. Mafi yawan waɗanda suka yi wannan aiki ba su iya rubuta sunansu da boko ba. A Jamaika, inda amosanin jini ke da yawa, likitoci sun koya wa iyaye mata su riƙa taɓa cikin yaro ta gefen hagu su ji ko saifa ta kumbura, su kuma duba ko ya yi fari fat, su garzayo. Rahoton da aka buga a 1985 ya nuna mutuwa daga wannan kumburi na farat ɗaya ta sauko daga wajen 29 cikin 100 zuwa 3. Da yatsun uwa aka yi wannan, ba da wata na'ura ba. Makarantun mazaje da aka fara a jihar Damagaram a ƙarshen shekarun 2000, inda magidanta ke zama su tattauna awon ciki da haihuwa a asibiti, su ma zaure ne, sai dai zauren da ke da ma'aikacin lafiya a kusa.

Tun watan Maris na 2025 kundin da ke tafiyar da ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. To, madalla. Muna jiran mu ga wannan magana ta sauko daga takarda ta shiga ɗakin awo. Kusan kashi biyu cikin uku na manyan ƙasar nan ba su karatun boko, saboda haka fassara ƴar takardar cikin kwalin magani kaɗai ba za ta wadatar ba, ko da yake ya kamata a yi ta, da boko da ajami. Abin da ya fi gaggawa shi ne murya. Me zai hana ma'aikatar kiwon lafiya ta naɗi gajerun saƙonni, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci, kowanne a kan abu ɗaya: me ya sa masassarar mai emasi ba ta jiran safiya, me ya bambanta O da AS, yadda ake gane mudun na'urar sukari, me ya sa ba a barin maganin hawan jini don an ji sauƙi? A sa sunan likitan da lambar ofishinsa a farkon kowane saƙo, don mutane su saba da tambayar wa ya faɗa. Gidajen rediyon karkara, waɗanda aka fara da na Bankilare a 1999, suna nan suna neman abin watsawa. Kuma kowane babban zauren majinyata ya kamata a ce akwai majo ko ungozoma a cikinsa da sanin hukuma, ana biya masa kuɗin kati da na wahala, maimakon a bar shi ga masu sa kai waɗanda kan gaji cikin wata uku su fice.

Ƴan kasuwa ma da nasu kason. Wanda ya shigo da na'urar awon sukari daga Kano ko Dubai, ba zai talauce ba don ya liƙa mata ƴar takarda mai faɗin mudun da take aiki da shi da lambobin haɗari. Shugabannin zauruka kuwa, waɗanda ba sa jinkirin korar wanda ya kawo siyasa ko zagi, su kafa irin wannan ƙa'ida a kan magani: wanda ya kawo sunan magani ya faɗi wanda ya rubuta masa da nauyin mai shan sa, mai lambar waya a ƙarshen saƙo ɗan talla ne, a ɗauke shi a haka, idan aka ce yaro mai emasi ya yi zafi, ko numfashinsa ya sarƙe, ko gefen jikinsa ya saki, amsa ɗaya ce ke halatta, sauran a share su.

Ranar 19 ga Yuni ta kowace shekara, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa wannan cuta tun ƙudurinta na 2008, akan taru a Yamai a yi jawabai, a raba riguna da huluna. Muna roƙon ministan kiwon lafiya ya sa a lissafa masa kuɗin rigunan bana, a gaya masa saƙon murya nawa za su naɗa, da samari da ƴanmata nawa za a yi wa awon AA da AS da su a Tasawa, da Magariya, da Madawa, kafin a kai kuɗin gaisuwa.